Filin Tambaya da Amsa: Baƙauyen Amurka da ya kashe min rediyo

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙu biyu kawai zan ɗauka, don ta farkon ta ci wuri sosai, ta biyun kuma kamar an haɗa baki ta zo a kan magana ɗaya, wato kiɗan kantiri, kiɗan da aka san mutanen karkarar Amurka da shi. Masu tambaya kan kuɗin makaranta da maganar biza ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mutumin Maraɗi ne amma yau shekara tara kenan ina Greensboro a jihar North Carolina, tirela nake ja. Akwai wani bature da kamfani ya haɗa mu mota ɗaya, in na gaji ya karɓi sitiyari in ya gaji in karɓa, haka muke kwana huɗu biyar a hanya. Ɗan wani ƙauye ne a gabashin Kentucky can cikin duwatsu, kakansa haƙar kwal ya yi har ciwon ƙirji ya yi ajalinsa, shi kuma ya taso da kiwon shanu da noman taba kafin gonar ta gagare su. To ni malam tun ina yaro na san kiɗan kantiri saboda yayana yana da kaset ɗin Don Williams da ba ya rabuwa da shi, don haka ranar farko da muka ɗau hanya sai na ce bari in faranta masa, na murɗo tashar kantiri. Wallahi ko minti biyu ba a yi ba ya miƙo hannu ya kashe, ya ce don Allah in dai ina so mu shirya kar in ƙara kunna masa wannan abun. Na ce ikon Allah, ba kiɗanku ba ne? Ya ce wa ya ce maka namu ne, 'yan birni ne suka sa hula suke kwaikwayonmu.

Bayan kamar wata biyu kuma mun tsaya sauke kaya a wani sito kusa da Chicago, wani yaro mai karɓar takardu da ya ji harshensa sai ya hau kwaikwayon maganarsa yana dariya, har yana tambayarsa wai ko a garinsu akwai mai cikakkun haƙora. Mutumin nan bai ce uffan ba amma na ga wuyansa ya yi jawur, ranar ko abinci bai ci ba, ya shige gadon baya ya ja labule.

Tambayata malam, mutum yana ji da ƙauyensu har haka, hoton gonar babansa ne ma a fuskar wayarsa, amma ya tsani waƙar da kullum ƙauye take yabo, yaya abun yake? Ko dai kunyar ƙauyancin yake ji a ɓoye? Kuma ni me ya kamata in yi, don gaskiya mutumin kirki ne, in lokacin salla ya yi shi da kansa yake nema mana wajen fakin.

Ɗan uwanku direba, Greensboro

AMSA

Ɗan uwa Allah ya tsare hanya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe. Bari in ba ka amsar a gajarce kafin in ja ka da nisa: abokinka ba kunyar ƙauye yake ji ba, kishin ƙauye ne yake cinsa. Mai jin kunyar asalinsa ba ya ɗora gonar babansa a fuskar waya. Abun da ya kashe a rediyon nan hotonsa ne da wani ya zana alhali bai taɓa kwana a garinsu ba, kuma ana ta sayar da hoton ana cin kuɗi.

Wata rana in kana kai kaɗai ka kunna tashar nan ka ba ta awa ɗaya, ka riƙa ƙirga abun da ake ambata. Sabuwar a-kori-kura dal, hanyar burji, giya mai sanyi, yarinya da ɗan guntun wando a kujerar gefe, bakin rafi daren Juma'a. Waƙa goma kaya ɗaya, kamar 'yan tireda da suka saro daga dila guda. A 2013 wani ɗan jarida mai suna Jody Rosen ya raɗa wa salon suna a mujallar New York, ya kira shi bro-kantiri, wato a namu harshen kantirin samarin majalisa. Waƙar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce Cruise ta Florida Georgia Line wadda ta fito a 2012 ta yi mako 24 tana kan gaba a jadawalin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi tashe, daga nan kowane kamfani ya ce shi ma a yo masa irinta, aka tura goge da jitar nan mai kuka da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe can baya, gangar kwamfuta ta shigo gaba. Har wasu 'yan mata biyu mawaƙa, Maddie da Tae, suka fitar da waƙa a 2014 suna ƙorafin yadda aka mai da mace kayan ado na kujerar mota.

Yadda ake haɗa waƙoƙin ma ya kamata ka sani. A birnin Nashville akwai unguwa guda da ake kira Music Row, marubuta waƙa suna zuwa ofis da safe kamar ma'aikatan banki, mutum uku ko huɗu su shiga ɗaki su fito da waƙa kafin la'asar, kuma sau da yawa wanda zai rera ta ba ya ma cikin ɗakin. Sannan a 1996 majalisar Amurka ta yi dokar da ta cire wa kamfanoni takunkumin yawan gidajen rediyon da za su iya mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru kamfani ɗaya, Clear Channel, ya haɗiye tashoshi sama da dubu. Da can mai gabatar da shiri a ƙaramin gari yana iya ɗora faifan ɗan garinsu don kawai ya ji daɗinsa, bayan dokar nan jerin waƙoƙin daga hedkwata yake zuwa. Kuma wa ake nema ya saurara? Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 80 cikin ɗari na mutanen Amurka a birane da kewayensu suke, kashi 20 ne a karkara. Ka ga kenan kasuwar tana wajen ɗan birni mai marmarin ƙauye, wanda zai tuƙa a-kori-kurar da ta haura dala dubu 60 daga gida zuwa ofis, bayanta bai taɓa ganin buhun taki ba. Shi ake yi wa waƙar. Abokinka kayan talla ne kawai a ciki.

To shi kuma ƙauyen na gaskiya da abokinka ya baro fa? A 1935 gonaki miliyan 6.8 ne a Amurka, yau ba su cika miliyan 2 ba, manya sun haɗiye ƙanana. Noman tabar da ka ce sun yi, gwamnati ce take raba wa kowane manomi kason da zai noma ta kuma tsare farashi tun zamanin kakanninsa, a 2004 aka soke tsarin aka biya manoma kuɗin sallama, ƙananan manoman Kentucky da yawa daga nan suka ajiye. Maƙwabciyarsu West Virginia tana da mahaƙan kwal sama da dubu 100 a wajajen 1950, yanzu ba su kai dubu 20 ba. A 1996 aka fito da ƙwayar kashe zafin ciwo OxyContin, kuma yankin duwatsun nan na Appalachia inda mutane suke aikin ƙarfi da ciwon baya yana cikin inda ta fi yi wa ɓarna, gidaje da yawa kakanni ne suke riƙon jikoki saboda iyayen sun mutu ko suna kurkuku. Asibitocin karkara sama da ɗari sun rufe tun daga 2010. Ka dubi wannan duka, sannan ka kunna masa waƙar da take cewa rayuwar ƙauye shagali ce a bakin rafi, dole ransa ya ɓaci. Ni da nake nan ma da na karanta wasiƙarka sai da na ji ɗacin.

Mawaƙan da irin su kakansa suka saurara ba haka suke ba, wahalar a jikinsu take. Loretta Lynn 'yar mahaƙin kwal ce daga Butcher Hollow, nan gabashin Kentucky ɗin da abokinka ya fito, tun tana ƙaramar yarinya aka yi mata aure kuma ta rera hakan ba ɓoye-ɓoye. Dolly Parton su goma sha biyu ne a wajen iyayensu a wani ɗan gidan katako a duwatsun Tennessee, waƙarta ta 1971 a kan rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata da ƙyallaye ce, yaran makaranta suka yi ta yi mata dariya. Johnny Cash auduga ya tsinta a Arkansas yana yaro. Merle Haggard a 1937 aka haife shi a Kalifoniya, a tsohon taragon jirgin ƙasa da babansa ya mayar gida ya taso, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Oklahoma, ya yi zaman kurkukun San Quentin kafin ya zama mawaƙi. Waƙoƙinsu akwai bashi a ciki, akwai saki, akwai gawa, akwai uwa da take jiran ɗa ya fito daga gidan yari, akwai tuba. Wannan abokinka yake nema ya rasa.

Amma akwai wani abu da nake so ka riƙe, don shi ne ya haɗa maganar rediyo da abun da ya faru a siton Chicago. Wannan rigar baƙauye da ake sa wa mawaƙa ba yau aka ɗinka ta ba, kuma tun farko a birni aka ɗinka ta. Shirin Grand Ole Opry, wanda shi ne uban duk shirye-shiryen kantiri, an fara shi a 1925 a gidan rediyon WSM na Nashville, kuma gidan rediyon na wani kamfanin inshora ne da yake son talakawan karkara su sayi inshorarsa. Mai gabatar da shirin, George D. Hay, shi yake raɗa wa ƙungiyoyin makaɗa sunayen ƙauyanci yana sa su cire kwat su sa kayan gona da malafa a ɗauke su hoto. Akwai wani Humphrey Bate, cikakken likita ne da ya yi karatu a jami'ar Vanderbilt, yana kiɗa da abokansa, sai aka mai da sunan ƙungiyarsa mafarautan fosom, wata dabbar dawa mai kama da gafiya da ake yi wa talakawan kudu gorin ci. Likita guda fa. Kamfanonin faifai kuma sunan da suka sa wa kiɗan gaba ɗaya shi ne hilbili, wato bagidajen kan dutse, sai a 1949 mujallar Billboard ta koma kiransa kantiri. Daga baya talabijin ta ɗora, daga 1962 zuwa 1971 an yi wani shirin barkwanci mai farin jini a kan iyalin 'yan dutse da suka samu man fetur a gonarsu suka koma unguwar masu kuɗi suna ta kwafsawa, a 1972 kuma wani fim mai suna Deliverance ya nuna mutanen dutse a matsayin mugaye masu ruɓaɓɓun haƙora. Yaron nan na sito da ya tambayi abokinka maganar haƙora, daga irin wannan ya gado ta ko bai taɓa kallon fim ɗin ba.

Har wuyan da ka ga ya yi ja yana da tarihi. Zagin da ake yi wa talakan bature na karkara shi ne rednek, mai jan wuya, saboda rana tana ƙona ƙeyar mai aikin gona. Amma mutanen kwal suna da nasu abun alfahari da kalmar, don a 1921 mahaƙa kusan dubu 10 suka ɗaura jajayen ƙyallaye a wuya suka yi tattaki a West Virginia suna neman haƙƙin kafa ƙungiyar ƙwadago, aka gwabza da 'yan bindigar masu ma'adinai a dutsen Blair har sai da gwamnatin tarayya ta turo soja. Ka tambayi abokinka wannan labarin, zan yi mamaki in bai san shi ba.

Don haka a idonsa mai yi masa dariya da mai yi masa waƙar yabo duk abu ɗaya suka yi, sun rage shi ya koma hula da mota da karin harshe. Ɗaya ya ce baƙauye wawa ne, ɗaya ya ce baƙauye ɗan shagali ne marar damuwa, ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi gonar ta salwanta.

Na san wannan ciwon don na ɗanɗana. Ranar da aka kai ni makarantar kwana daga ƙauyenmu, da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake da innata ta ɗaure a tsohon zane, ban kai ga ajiye akwatin ba wani ɗan aji uku ya ji yadda na gaishe shi ya tara yara ya ce in maimaita. Na maimaita, suka fashe da dariya, shekara guda sunana Ƙauye a ɗakin nan. Abun da ya fi ƙona min rai kuma shi ne ranar wasan kwaikwayo, da aka sa ɗan wani babban ma'aikaci ya fito a baƙauye, ya shafa toka a ƙafa ya karkata hula yana tsoron fanka, kowa yana tafi, ni kuwa ina tuna babana da yake sanin ranar da ruwa zai sauka daga kallon gabas, yake kuma riƙe da lissafin bashin mutum talatin a ka. Har yau in na ga an fito da baƙauye a finafinanmu yana cin ayaba da ɓawo sai in canza tasha. Saboda haka da ka ce abokinka ya ja labule ya ƙi cin abinci, na gane sarai.

Sai dai ba zan ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari ba, wurare biyu ya zarce. Na farko, kukan an lalata kantiri ya girmi abokinka. A ƙarshen shekarun 1950 da kiɗan rok ya kwashe matasa, masu shirya faifai irin su Chet Atkins da Owen Bradley suka rage goge da banjo, wani abun kiɗa mai tsirkiya kamar gurmi, suka sa kiɗa mai laushi da 'yan amshi don 'yan birni su saya, tsofaffin wancan lokacin suka ce an kashe kiɗa. To ka san wa wannan salon ya haifar? Jim Reeves, wanda iyayenmu a nan suke ɗauka shi ne asalin kantiri. A 1975 wajen bikin ba da kyaututtukan kantiri, Charlie Rich ya buɗe ambulan ya ga sunan John Denver ne ya ci babbar kyauta, sai ya zaro laita ya cinna wa takardar wuta a gaban kyamara, mutane da yawa suka fassara hakan da cewa bai yarda Denver ɗan gida ba ne. A 2000 George Strait da Alan Jackson suka rera waƙa sukutum a kan cewa an yi kisan kai a Music Row, kiɗan ne gawar. Kowane zamani da nasa masu makoki. Na biyu, akwai 'yan ƙauye na gaskiya, masu kiwo da masu tuƙa tarakta, da suke jin daɗin waƙoƙin rediyon nan bayan sun wuni suna aiki, ba su son a tuna musu da bashi, kuma wannan bai cire su daga ƙauye ba, kamar yadda ƙin waƙar bai cire abokinka ba. Kar shi ma ya koma yana auna ƙauyancin mutane da abun da suke saurare, don abun da ake yi masa kenan.

Kuma kiɗan bai mutu ba, rediyo ne ya daina nemansa. Daga gabashin Kentucky ɗin nan Chris Stapleton ya taso, babansa a harkar kwal ya yi aiki, ya daɗe yana rubuta wa wasu waƙa kafin tauraronsa ya haska a 2015. Tyler Childers ɗan gundumar Lawrence ne a can, yana rera kwal da ƙwaya da coci da harshen garinsu bai gyara ba, yana cika manyan filaye alhali tashoshin nan ba su cika saka shi ba. A watan Agustan 2023 wani tsohon ma'aikacin masana'anta a Virginia da ake kira Oliver Anthony ya tsaya a dawa da jita ɗaya da karnukansa ya rera kukan talaka, aka ɗora a YouTube, waƙar ta faɗo kai tsaye a lamba ɗaya a babban jadawalin Billboard, abun da wanda bai taɓa shiga jadawalin ba bai taɓa yi ba. Akwai baitocin da ban yarda da su ba a cikinta, musamman inda ya taɓa masu karɓar tallafin gwamnati, talaka ya zagi talaka, amma ta nuna irin ƙishirwar da mutane suke ciki.

Abun da za ka yi mai sauƙi ne. Tafiya ta gaba in kun hau babbar hanya dare ya yi, ka miƙa masa wayar da ake jona wa sifika ka ce ya saka maka abun da kakansa yake ji, ka yi shiru ka saurara, in ya fara ba ka labari kar ka katse shi. Kai ma ka saka masa naka, ka nemo kiɗan gurmi ko na kukuma ko waƙar noma ta gida, ka gaya masa me ake cewa. In kuma wani ya sake kwaikwayon harshensa a gabanka, ba sai ka yi faɗa ba, ka ɗaure fuska kawai ka ƙi dariya ka karɓi takardunku ku fita. Mutumin da yake nema maka wajen salla ya cancanci wannan.

TAMBAYA

Malam ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce a Kaduna, marigayi mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne kuma duk ranar Lahadi da safe sai ya saka Jim Reeves da Don Williams yana goge takalmansa, har yau in na ji su sai na yi hawaye. To ɗana ɗan shekara sha bakwai ya zo min da wata waƙa wai kantiri ce kuma wai mai yinta ɗan Najeriya ne, na ce masa ƙarya yake kantiri kiɗan turawan ƙauye ne baƙi ba sa yi, kuma wannan hayaniyar ba ta yi kama da abun da na sani ba. Mun yi ta musu, shi ne ya ce in tambaye ka.

Maman yara, Kaduna

AMSA

Hajiya lafiya lau, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wannan karon yaro ya fi ki gaskiya. Ina jin Shaboozey yake nufi, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa 'yan Najeriya ne 'yan ƙabilar Ibo, an haife shi a jihar Virginia, kuma a 2024 waƙarsa ta yi mako 19 a lamba ɗaya a babban jadawalin Billboard. Sai dai ki sani waƙar a kan zaman mashaya ce daga farko har ƙarshe, don haka ki zauna da yaron ku yi maganar abun da ake faɗa a ciki, kar a tsaya a daɗin kiɗa.

Maganar cewa baƙi ba sa yi kuwa, ba laifinki ba ne, haka aka sayar wa duniya da shi. Banjo, wanda in an ji ƙararsa kowa yake tuna baturen ƙauye, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can da ƙwarya da fata da sanda, danginsa su ne akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya da ngoni na Mali, kuma in kika kalli gurminmu da molo da garaya za ki ga 'yan gida ɗaya ne. A kudancin Amurka talakan baƙi da talakan fari gona ɗaya suke yi wa aiki, kiɗansu ya cakuɗe tun da daɗewa. Kamfanonin faifai ne a shekarun 1920 suka raba kasuwa biyu, faifan baƙi daban na hilbili daban, don kowa a sayar masa da nasa. Iyalin Carter, waɗanda aka fara ɗaukar muryarsu a garin Bristol a 1927 kuma ake musu kallon iyayen kantiri, wani baƙin makaɗin jita mai suna Lesley Riddle ne yake rakiyar maigidan ƙauye ƙauye suna tattaro waƙoƙi, shi yake haddace karin. Hank Williams, ɗaya daga manyan mawaƙan kantiri, a wajen wani baƙin makaɗin titi, Rufus Payne, ya koyi jita yana yaro a Alabama. DeFord Bailey, baƙi mai busa ɗan ƙaramin abun busan nan na baki, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry har aka sallame shi a 1941, ya koma sana'ar goge takalma a Nashville. Charley Pride baƙi ne ɗan manoman auduga daga Mississippi, da kamfani ya fara tura waƙoƙinsa gidajen rediyo a 1966 ba a haɗa da hotonsa ba, sai da mutane suka so muryar tukuna suka ga fuskar.

Rigimar ba ta ƙare ba har yanzu. A 2019 Billboard ta cire waƙar wani yaro baƙi, Lil Nas X, daga jadawalin kantiri ta ce ba ta cika sharuɗɗa ba, alhali farare da yawa suna zuba irin wannan gangar kwamfutar ba wanda ya cire su. A 2024 Beyoncé, 'yar Texas, ta zama baƙar mace ta farko da kundinta ya hau kan gaba a jadawalin kundayen kantiri, ya kuma ci babbar kyautar Grammy a farkon 2025, duk da haka bikin kyaututtukan kantiri na Nashville ko sunanta bai saka a takara ba.

Inda nake tare da ke shi ne kunne. Ni ma na fi son na da, muryar Don Williams a hankali take tafiya kamar dattijo yana ba da shawara a zaure, shi ya sa ya shiga ran mutanenmu daga nan har Zimbabwe inda ya je ya yi wasa a Harare a 1997, ya rasu a 2017. Ba dole ki so na yanzu ba. Amma tunda yaron ya kawo miki tasa, ranar Lahadi mai zuwa ki nemo na Baba a waya ki kira shi ya zauna, ki gaya masa yadda kakansa yake shimfiɗa jarida a tsakar gida ya jera takalma da burushi da gwangwanin foli, da waƙar da yake maimaitawa in ta ƙare.

Masu son aiko da tambaya ƙofa a buɗe take, a riƙa rubuta garin da ake don Allah.